Waken Soya: Ranar Shuka Da Tazara Su Ke Gyara Iri

A kowace damina akan sami manomin da ya kwance buhun waken soyan da ya ajiye tun kaka, ya shuka, ya zauna jiran tsiro. Kwana bakwai, kwana goma, gona tana nan fayau, sai ɗai-ɗai nan da can. Sai a ɗora wa kurciya laifi, ko ɓera, ko a ce ƙasa ce ta ƙi. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa irin ya riga ya mutu tun yana cikin buhu. Abin da ya kashe shi kuwa ya faru ne tun bara, tun yana tsaye a gona.

A kasuwa ma haka abin yake. Manoma biyu za su kai waken soya Dawanau rana ɗaya. Mai saye ya zura hannu cikin buhun na farko, ya ɗebo ƙwaya cikakkiya, mai sheƙi, launinta ɗaya. Ya zura cikin na biyu, ya ɗebo wata ta motse, wata kore, wata da tabo. Kuɗin ba zai zo ɗaya ba. Alhali iri ɗaya suka shuka, taki ɗaya suka zuba. Inda suka rabu shi ne ranar da kowa ya yi shuka, da tazarar da ya bari tsakanin tsiro da tsiro.

Waken soya baƙo ne a ƙasar nan. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. An fara shigo da shi Nijeriya a 1908, amma bai karɓu ba sai bayan da aka kawo wani iri mai suna Malayan a 1937, mutanen Tibi na Binuwai suka rungume shi. Yau ana noma shi sosai a jihar Kaduna, da Neja, da kudancin Kano, da kudancin Katsina, har ƙasar Biu. Da yake baƙo ne, manoma da yawa suna yi masa irin shukar da suka gada ta gero ko ta wake. A nan matsalar take farawa.

Mene ne iri mai kyau?

Ƙwayar waken soya abinci ce, kuma abu ne mai rai. Idan aka raba ta kashi 100, kusan kashi 40 sinadarin gina jiki ne, kusan kashi 20 kuma mai ne. Wannan shi ya sa masu awara da madara, da masu matse mai, da masu haɗa abincin kaji suke nemanta. Amma wannan man shi ne kuma ya sa ranta ba ya daɗewa. Gero yakan shekara biyu a rumbu a shuka shi ya tsiro. Waken soya ba haka yake ba. A ƙasa mai zafi irin tamu, idan ajiya ba ta yi kyau ba, yakan fara mutuwa kafin ya shekara. Ɓawonsa ma siriri ne, ba ya jure bugu, ba ya jure jiƙewa.

Saboda haka ƙwaya mai kyau ita ce wadda ta cika, ta nuna daidai, ta bushe ba tare da ruwa ya dake ta ba, ba ta da tabo, ba ta fashe ba. Irin wannan ce take da nauyi a sikeli, ita ce kuma take tsirowa baɗi.

Waken da ke lissafin dare

Kowane manomin dawa ya san wani abu. Idan aka shuka dawar gargajiya da wuri, wani kuma ya shuka tasa bayan mako uku, kusan lokaci ɗaya za su fitar da kai. Ta farko dai ta fi tsawo da kauri. Dalili shi ne dawa tana lura da tsawon dare. Waken soya ma haka yake.

A arewacin Nijeriya yini ya fi tsawo wajen 21 ga watan Yuni. Daga nan sai ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan, dare yana ƙaruwa. Bambancin ba shi da yawa. A Kano, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba. Mutum ba ya ko lura, amma ganyen waken soya yana ji. Da dare ya ƙaru zuwa wani mizani, sai ya gaggauta yin fure, ko ya gama girma ko bai gama ba. Wanda aka shuka a kan kari yakan sami kwana 40 zuwa 50 yana yin jiki da rassa kafin fure. Wanda aka makara da shi kuwa, fure zai riske shi yana ƙarami.

Bayan fure sai kwanso, bayan kwanso sai cikar ƙwaya. Wannan lokaci na cika shi ne lokacin da waken ya fi bukatar ruwa a duk rayuwarsa. Da ƙwaya ta gama cika, ganye ya yi rawaya ya zube, sai bukata ta juya. Yanzu kuma rana yake so, ruwa ya zama abokin gaba. Duk dabarar lokacin shuka ita ce a sa cikar ƙwaya ta faɗo cikin ruwa, bushewa kuma ta faɗo bayan ɗaukewarsa.

Wanda ya yi gaggawa

An saba cewa manomin kirki shi ne mai bin ruwan farko. Ga gero da masara wannan magana tana da gaskiya. Ga waken soya tana iya zama asara.

Ga misali. A ƙasar Zariya ruwa yakan ɗauke ne wajen farko zuwa tsakiyar Oktoba. A ce manomi yana da iri mai kwana 115, ya shuka ranar 20 ga Mayu. Idan aka ƙirga, zai nuna wajen 12 ga Satumba. A lokacin kuwa ruwa yana kan zuba, wata rana ma a wuni ana marka. Kwanson da ya bushe da rana zai jiƙe da dare. Gobe ya sake bushewa, jibi ya sake jiƙewa. Duk lokacin da ƙwaya ta sha ruwa takan kumbura, idan ta bushe ta tsuke. Bayan 'yan kwanaki ɓawonta ya yamutse, ya tsattsage, ɗan tsiron da ke cikinta ya raunana.

Sai kuma fumfuna ta shigo. Akwai wadda take bar wa ƙwaya tabo mai launin shunayya. Akwai wadda take lulluɓe ta da fari kamar an barbaɗa alli, ta bar ta a motse. Waɗannan cututtuka suna kwana cikin ƙwaya, su bi ta buhu, su koma gona da ita baɗi. Idan ruwan ya yi yawa, wata ƙwayar ma takan tsiro tun tana cikin kwanso. Manomin da ya ce bari ya cire ya kai gida, bai tsira ba. Ina zai shanya? Tulin waken soya mai laima yakan ɗauki zafi cikin kwana biyu ko uku ya fara ruɓewa.

Abin takaicin shi ne, irin wannan gona ita ce ta fi kowace kyan gani a watan Agusta. Ta yi tsawo, ta yi duhu, masu wucewa suna yabawa. Sai an zo sussuka ake ganin ɓarnar.

Akwai kuma haɗarin farko. Ruwan Mayu ba shi da tabbas. Ƙwayar waken soya takan sha ruwa kamar rabin nauyinta kafin ta tsiro. Idan ta fara sha, ruwa ya yanke, ƙasa ta yi zafi, to ta mutu ke nan. Shi ya sa ba a yi masa binne, ba a kuma shuka shi sai ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu sosai.

Wanda ya makara

Makara ta fi yawa, domin manomi yakan gama da masara da dawa da noman firi tukuna, sannan ya tuna da waken soya. Mu ɗauki irin nan dai mai kwana 115, a shuka shi 25 ga Yuli. A lissafi sai tsakiyar Nuwamba zai nuna. Tsawon dare zai sa ya rage kwanakinsa, amma da tsada. Zai yi fure yana tsumbure, rassa kaɗan, kwanso kaɗan, kuma kwanson yana manne da ƙasa. Lokacin cikar ƙwaya zai faɗo cikin Oktoba, ruwa ya tafi, rana ta buɗe.

Waken da ƙishirwa ta kama yana cika ba ya ƙarasawa. Ƙwaya takan fito ƙanana, marasa nauyi, wasu a motse. Wasu kuma sukan bushe suna kore, domin an katse musu nuna. Masu matse mai ba sa son koriyar ƙwaya, saboda tana ɓata launin mai. Mai awara ma za ta ga ruwan da ta tace bai yi kauri yadda ta saba ba. A wajen shuka kuwa, ƙwayar da ta cika cikin zafi da ƙishi ba ta da ƙarfin tsiro.

Ga kuma iskar hunturu. Da ta kaɗa, kwanso yakan fashe da kansa, ƙwaya ta watse a ƙasa. Da rana tsaka mai tsayuwa a bakin gona yana jin ƙararsa ƙas-ƙas. Ga dabbobi da ake sakewa bayan an kawar da hatsi. Gonar da ta rage ita kaɗai kore a daji kowa ya san abin da ke samunta.

A yi lissafi daga baya

Hanya mafi sauƙi ita ce manomi ya fara da ƙarshe. Ya tambayi kansa: yaushe ruwa ya saba ɗaukewa a garinmu? Sannan ya san kwanakin irin da ke hannunsa. Sai ya ƙirgo baya, yadda waken zai nuna daidai da ɗaukewar ruwa ko jim kaɗan bayan haka.

Irin Zariya na ɗazu, idan aka shuka shi 20 ga Yuni, zai nuna wajen 13 ga Oktoba. Ya cika cikin ruwan Satumba, ya bushe cikin rana. Wata ɗaya tak ya raba shi da na mai gaggawa.

Malaman gona sun raba shawarar bisa yawan ruwan kowane yanki. Inda damina take da tsawo, kamar Binuwai da kudancin Neja da kudancin Kaduna, ana shuka daga farkon Yuni zuwa farkon Yuli. A yankin Zariya da Funtuwa da Tudun Wada, daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. A yankin da ruwa yake da ƙaranci, kamar kewayen birnin Kano, sai makon farko da na biyu na Yuli, kuma da iri mai saurin nuna.

Sanin sunan iri yana da amfani ƙwarai. Cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ita ta fitar da irin da sunansu yake farawa da TGx. Cikinsu akwai TGx 1448-2E, mai kwana 115 zuwa 120, wanda kwansonsa ba ya saurin fashewa. Akwai TGx 1835-10E, mai nuna cikin kamar wata uku, wanda kuma yake jure cutar tsatsa. Na farkon ya dace da inda ruwa ke kaiwa Oktoba. Na biyun shi ne na ƙasar da daminarta gajera ce. Iri mai kwana 95 da aka shuka 5 ga Yuli zai nuna wajen 8 ga Oktoba. Wanda ya sayi iri a kwano a kasuwa, bai san sunansa ba, bai san kwanakinsa ba, ba shi da abin da zai yi lissafi da shi. Gara ya nemi malamin gona na yankinsa ko dillalin iri amintacce.

Idan shekara ta zo da jinkirin ruwa, kada a nace wa iri mai dogon zango. A koma ga mai gajeren zango, a kuma ƙara matse shuka.

Tazara

A nan ne al'adar shukar wake take cutar da manoma. Waken gida yana yaɗo, don haka akan ba shi fili, rami nan, rami can, taki guda ko fiye. Waken soya ba ya yaɗo. A tsaye yake, kuma yana son jama'a. Yawancin gonakin waken soya da ake gani a karkara, tsiron da ke cikinsu ya yi kaɗan ainun.

Idan aka ba shi fili da yawa, sai ya baje, ya yi rassa tun daga gindi. Mai gona ya ga itace ɗaya ɗauke da kwanso fal, ya ji daɗi. Amma a duba da kyau. Kwanson ƙasa yana taɓa ƙasa, ruwan sama yana fantsama masa laka, daga nan ruɓewa take kamawa. Na uwar jiki ya nuna, na rassa bai nuna ba. Idan aka jira na rassa, na farko ya fashe. Idan aka yanke da wuri, ɗanye ya gauraya da busasshe a buhu ɗaya, laimar ɗanyen ta lalata sauran. Ga ciyawa da take samun rana tsakanin tsiro da tsiro. Tana cinye taki da ruwa, ranar girbi kuma 'ya'yanta da ɗanyen ganyenta su shiga cikin tsaba.

Idan shuka ta matsu daidai, kowane tsiro yakan miƙe sama neman rana. Kwanson farko ya ɗaga daga ƙasa. Rassa su ragu, gona ta nuna kusan lokaci ɗaya, ƙwaya ta fito kai ɗaya. Cikin mako shida zuwa bakwai ganye ya haɗe ya rufe ƙasa, ciyawa ta rasa rana, laima ta daɗe. Noma biyu ya isa: ɗaya bayan mako biyu da shuka, ɗaya a mako na biyar ko na shida.

To, yaya ake matsewar? Tsakanin layi da layi a bar santimita 75. Wannan shi ne kusan faɗin kunyar da garmar shanu take yi. A kan layin kuma a ja ɗan rami dogo da sanda ko bakin fartanya, a jera ƙwaya ɗai-ɗai, tsakaninsu santimita 5, wato faɗin yatsu uku. Da wannan tazara hekta ɗaya, wadda ta yi daidai da eka biyu da rabi, za ta ɗauki tsiro fiye da 260,000. Wanda ya fi son shukar rami-rami, sai ya bar santimita 10 tsakanin ramuka, ya zuba ƙwaya 3 ko 4. Iri mai saurin nuna ba ya girma sosai, don haka akan rage masa tsakanin layi zuwa santimita 50. Hekta ɗaya takan ci iri kilo 50 zuwa 70, gwargwadon girman ƙwaya da tazarar da aka zaɓa.

Manomi yana iya auna gonarsa da kansa. Ya yanko kara mai tsawon mita ɗaya. Bayan tsiro ya fito, ya ajiye karan a jikin layi ya ƙirga, a wurare biyar ko shida. Idan yana samun tsiro 15 zuwa 20 a tsawon karan, shuka ta yi. Idan 5 ko 6 yake samu, gonar ta yi sako-sako. Cike giɓi sai cikin makon farko. Wanda aka cike daga baya ba zai nuna tare da 'yan'uwansa ba.

Wasu za su ce irin ya yi yawa, ga tsada. Gaskiya ne kuɗin iri zai ƙaru. Amma wanda ya rage iri zai biya kuɗin wajen 'yan ƙwadago masu noma, ya sake biya a kasuwa.

Matsewar ma tana da iyaka. Wanda ya watsa iri da hannu kamar shinkafa, ko ya tuttula shi cikin layi ba lissafi, zai sami kara siriri, dogo, mara ƙarfi. Iskar Agusta ta kwantar da shi. Waken da ya kwanta, kwansonsa yana cikin laima, iska ba ta ratsa shi, tsatsa da fumfuna su sami wurin zama, ƙwaya kuma ta ƙanƙance. Wannan ya fi faruwa a ƙasa mai ƙarfi, kamar tsohuwar makwantar shanu, da kuma shukar wuri. A irin wannan wuri a tsaya kan santimita 75. A ƙasa mai rauni, ko idan an makara, a nan ake matsowa zuwa 50.

Zurfi kuma kada ya wuce santimita 2 zuwa 5, wato gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu. Waken soya yana turo kansa ne gaba ɗaya waje idan zai tsiro. Idan ƙasa ta yi masa nauyi, wuyansa ya karye a ciki.

Gefen da za a ɗebi iri

Manomin da zai ajiye irin kansa ya kamata ya ware masa wani yanki tun ranar shuka. Ya zaɓi wuri mai jigawa-jigawa, inda ruwa ba ya kwanciya. Ya shuka shi cikin ƙarshen kwanakin da aka ambata wa yankinsa, don ya tabbata bushewarsa ba za ta haɗu da ruwa ba. Ya zuba masa takin sufa, domin shi ne takin da waken soya ya fi bukata. Idan fure ya fito, ya zaga ya tuge duk wanda launin furensa ko tsawonsa ya bambanta da sauran.

A yanke idan kwanso 85 cikin 100 sun koma ruwan ƙasa, aka girgiza aka ji ƙwaya tana kaɗawa. Irin da ke saurin fashewa a yanke shi kafin haka, kuma da safe, kafin rana ta yi zafi. Yanka da lauje ya fi tugewa. Ƙasa ba za ta shiga tsaba ba, saiwa kuma za ta zauna a gona ta amfani masarar baɗi. A shanya a kan tamfol ko tabarma. Shanya a kan kwalta tana dafa iri. Wajen sussuka a sassauta hannu, domin ƙwayar da ta tsage ko kaɗan ba za ta tsiro da ƙarfi ba. A sheƙe, a tsince mai tabo da kore da motsattsiya, a ƙara shanyawa har sai an ciza an ji ta fashe ƙaras. Sannan a zuba a buhu mai tsabta, a ɗora kan katako a ɗaki mai sanyi, nesa da bango da murhu.

Saura mako biyu a yi shuka, a gwada irin. A ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a gauraya, a ƙirga ƙwaya 100. A shuka su cikin yashi mai laima a tsohon kwano ko a gefen gida, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 a ƙirga waɗanda suka fito lafiya. Idan sun kai 85, irin yana da kyau, a shuka yadda aka bayyana. Idan tsakanin 60 da 84 ne, a ƙara yawan ƙwaya a layi. Idan ba su kai 60 ba, a ba mata su yi awara da shi, a nemi wani tun kwanakin shuka ba su wuce ba.